Ziyarar Biyu-Biyu

Ranar Talata da hantsi Mai Walda da Direba suka yi sallama a ƙofar Sakatare, wai hanya ce ta biyo da su. Ba su zauna ba sai da suka gyara ƙyauren da ya shekara yana ƙara. Ranar Laraba Tela ta zo da Malamar firamare, suka sauke labule suka wanke. Ranar Alhamis da Sakatare ya ga wasu biyun sun shigo da bokitin fenti, sai ya gane.

Ya san wannan ziyara. Shi ya ƙirƙiro ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da littafin ƙungiyar hidimar unguwarsu. Suna yashe kwata, suna fentin azuzuwa, suna shirya ranar ba da jini sau biyu a shekara. Amma akwai aikin da ba a karanta shi a taro. Idan likita ya ce ciwon wani ba na tashi ba ne, sai ƙungiya ta buɗe masa kati. Daga ranar, mutum biyu za su riƙa zuwa gidan kullum da wani uzuri, su gyara abin da ya lalace, su yi hira, su yi dariya. Ba a cewa sannu. Ba a ambaton asibiti. Kati tara Sakatare ya buɗe da hannunsa, tara ya rufe, babu wanda ya kai wata biyar.

Yanzu ga su a tsakar gidansa, ba tare da an nemi littafinsa ba.

Su biyu ne a gidan, shi da matarsa, yara duk aiki ya yi nisa da su. Ya tuna ranar ba da jini, mako uku da suka wuce. Tare suka miƙa hannu. Bayan kwana biyar Nas, wadda ita ma 'yar ƙungiya ce, ta kira wayar matar ta ce ta leƙo asibiti. Ita kaɗai ta je. Ta dawo idanu jajur, ta ce hayaƙin motoci ne.

Daga nan ya fara lura. Abinci sai dai ta tsakura. Takan shiga banɗaki ta buɗe famfo, amma ƙarar ruwan ba ta rufe shesshekarta. Sau da yawa ya ɗaga kai ya tarar ta zuba masa ido, kamar mai haddace fuskarsa.

"Maman yara, me ke damun ki ne?"

"Kai dai cinye abincinka. Dubi wandon nan, kaɗan ya rage ya bar ka a tsaye."

Ya ƙara huda a bel ɗinsa. Damuwa ma tana cin mutum.

Bai tambayi kowa ba, domin doka ce, kuma shi ya rubuta ta. Ya ɗauka matarsa ce ta roƙe su su ɓoye masa ciwonta, sai ya taya su ɓoyewa. Da ya kama tsani zai taimaka da fenti, Direba ya fizge shi.

"Haba Sakatare, zauna abinka. In ka faɗo, wa zai riƙa rubuta cewa na zo taro alhali ina barci?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya san irin wannan dariyar, a gida tara ya yi ta.

Kullum ita ke raka baƙin. Yakan hango su ta taga a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, Tela tana riƙe da hannunta. Sai ya juya ya shiga jera magungunan ƙarin ƙarfi da ta kawo, waɗanda ta ce Nas ta ba su su riƙa sha tare. Nata ba sa raguwa. Wato har ta fid da rai.

Ranar Lahadi babbar 'yarsu ta kira. Ta ce tana so ta zo da jikoki, amma hutu sai bayan wata huɗu, ko akwai gaggawa? Ya ce mata zai kira ta daga baya. Idan ya ce ta jira, wataƙila ba za ta tarar da uwarta ba. Dole ya san kwana nawa suka rage, kuma ya san inda ake rubuta su.

Washegari da rana ya ce zai je aski. Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Sau biyu ya tsaya a matakala yana mayar da numfashi. Babu kowa, sai kujerun roba a jere da shebura a kusurwa. Ya zaro makullinsa ya buɗe durowar ƙasa.

Katin na goma yana sama. A baya an jera sunayen masu ziyara, biyu-biyu, har ƙarshen wata. Ya juya gaba. A layin likita, Nas ta rubuta: wata biyu, ko ƙasa da haka.

Ya jawo kujera ya zauna. Ya ciro waya zai kira 'yarsa ya ce ta taho gobe-goben nan. Yana neman lambar ne idonsa ya sauka a kan sauran layuka biyun.

A layin mai kula da mara lafiya, sa hannun matarsa ne, da doguwar jelar nan da ya sani shekara talatin da huɗu. A layin mara lafiya kuwa, kalma ɗaya ta iya rubutawa, biron ya kusa huda takardar: Mijina.