Wanda Ya Busar da Hamidu

Hamidu yana cikin juyawa don ya nuna wa alƙalan gasar gina jiki bayansa sai ya sandare. Yatsunsa suka murɗe, wuyansa ya ƙage, ya kife kan dandamali, man da aka shafe shi da shi yana ta ƙyalli. Har da masu tafi a cikin 'yan kallo, sun ɗauka sabon salo ne.

Titus, mai horar da shi, shi ya fara isa gare shi. Kallo ɗaya ya yi wa leɓɓan nan da suka bushe suka tsage, ya gane. Ya taɓa ganin irin wannan faɗuwa.

Titus mutumin Tsibiri ne. Kullum a kan babur yake shigowa Maraɗi ya buɗe ɗan gidan ɗaga ƙarfensa da ke unguwar Zariya, rumfar kwano ce kawai da ƙarafan tsofaffin motoci da siminti a gwangwanaye. Doka ɗaya gare shi, kuma kowa ya haddace ta: wanda ya sha ƙwayar fitsari kafin gasa, ya tattara nasa ya nasa ya bar masa wuri. Ƙwayar takan zuƙe ruwan jiki, fata ta manne, jijiyoyi su fito raɗau yadda alƙalai ke so. Amma da gishirin jiki take tafiya, zuciya ta rikice. A gabansa amininsa ya mutu haka a bayan fage, da lambar gasa a ƙugunsa.

Hamidu kuwa ɗan Jiratawa ne, mai noman lambu, ƙarfin fartanya ya kawo, Titus ya gyara shi. Ubansa ya rasu bara bayan doguwar jinya, har takalmi ya daina shigarsa. Shi kaɗai ya rage wa uwarsa, Inna Tahira. Sau ɗaya ta taɓa leƙowa rumfar. Ba ta gaida kowa ba, ta kama damtsen ɗanta ta danna da babban yatsa, ta tsaya tana kallon wurin, sannan ta fita tana share ido. Samari suka yi ta dariya. Shi ma Titus ya dara.

Da gasa ta matso, sai Hamidu ya fara abin da bai saba ba. Ba ya gama ɗaga ƙarfe sai ya zaga bayan rumfa. Ga ɗaurewar jijiya, ga jiri. Titus ya ja shi gefe, ya zazzage jakarsa, bai ga komai ba sai ƙwai da gorar fura daga gida.

"Ka dube ni, Hamidu. Ka sha?"

"Wallahi, Maigida, ko kamarta ban sani ba."

Ya yarda da shi. Har ya ce masa ranar jajibiri ya rage shan ruwa kaɗan, kamar yadda yake gaya wa kowa.

A asibiti aka rataya wa Hamidu ƙarin ruwa, aka lilliƙa masa wayoyi a ƙirji. Likita, wata mata mai suna Samira, ta fito fuska ba walwala. Ta ce zuciyar tana bugu ba kan ƙa'ida ba, ƙoda kuma ta fara gazawa. Wannan ba aikin ƙishin yini ɗaya ba ne, maganin fitsari ne aka daɗe ana ɗirka masa.

"Wa ya ba shi?" in ji ta.

Duk idanu suka juyo kan Titus.

Kafin la'asar labari ya gama Zariya. Yaran da ya ciyar daga aljihunsa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce dama ya daɗe yana zarginsa, wani ya rantse ya ga ƙwayoyin a akwatin babur. Aka garƙame rumfar da kwaɗo, aka turo ɗan sanda ya tsaya a kansa a barandar asibiti.

Ba wannan ya fi ƙona masa rai ba. Hamidu ne. Yaron da ya ɗauka tamkar ƙane, ya dubi tsabar idonsa ya rantse da Allah a kan ƙarya. Titus yana leƙensa ta taga, yana roƙon Ubangiji ya tashe shi, yana kuma jin da zai tashi da sai ya kwaɗa masa mari.

Ana haka Inna Tahira ta sauko daga kabu-kabu, mayafi a hannu. Kan Titus ta yi, ta ci kwalarsa.

"Mi ya yi maka? Shi ɗai gare ni! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Titus bai ɗaga hannu ba. Likita ce ta ɓamɓare ta, ta zaunar da ita a benci.

"Inna, yi haƙuri ki taimake ni, ransa nake nema. A gida yana shan wani abu? Ko na gargajiya?"

Tsohuwar ta goge hawaye, ta nuna Titus da yatsa.

"Gidana ba abin da shike sha sai hura, likita. Ni ce ma ke ta faman ceto nai. Tun da wanga azzalumi ya kumbura min shi yadda babanshi ya fara, kullum sai na daka mashi maganin kumburin marigayi cikin hurar, safe da marece, shi bai ma sani ba."