Kalmar da Sabitu Ya Tono

Sabitu ya faka babur a Fadaman Mada, ƙofar gidan su budurwarsa Yagana, baki har kunne.

"Na tono miki wata tsohuwar kalmar Turanci da ta mutu. Duk duniya ba mai faɗinta sai ni da ke!"

Yana furta ta, Yagana ta tuntsire da dariya. "Sarkin ƙamus! Ai haka take a yaren Norway, kullum faɗinta suke."

"Ke ina kika san yaren Norway?"

"Koyo nake. An ba ni gurbin karatu a ƙasar."

Sabitu ya daina murmushi. Shi ke nan, tafiya za ta yi ta bar shi.

Ta gyara mayafi tana murmushi. "Na ce wa Baba ba zan tafi ni kaɗai ba. Ka turo magabatanka, kuma ka fara neman rigar sanyi."