Kashe-Kunna Bai Bar Ofis Ba

Ranar da aka yi sadakar ukun Kashe-Kunna, sunansa ya fito a fuskar kwamfutar Oga.

Kashe-Kunna shi ne mai gyaran injinan ofishin. Kowace matsala ka kai masa, maganinta ɗaya: "Kashe ka kunna." Shi ya haɗa musu babbar ma'ajiya a ɗakin ƙasa, inda kowa ke ajiye takardunsa, na sama ya buɗe, na ƙasa ya gani. Duk wanda ya taɓa takarda, ma'ajiyar sai ta rubuta sunansa a gefe.

To, ga mutum a kabari, ga sunansa a gefen wasiƙar da aka buga da safen nan.

Anti Sakatariya ce ta buga wasiƙar. Shekararta goma sha takwas a kujerar, da tsohon injinta na kwamfuta mai nishi kamar akuya ta haɗiye leda. Da aka sauya wa kowa injin, nata aka bari, ma'ajiyar kuma ta ƙi karɓar sa. Ranar ƙarshe da ta ga marigayin, wanke shi ta yi tas a gaban jama'a. Har da "mai hannun ɓarna". Ya zauna a kujerarta ya ɗan taɓa, abu ya tashi, ya tafi gida. Bai dawo ba.

Washegari sunan ya sake fitowa. Jibi ma haka. Bai taɓa takardar kowa ba sai tata.

"Anti," in ji direban Oga, yana ja da baya, "ko dai bikon ki yake yi?"

Aka yi dariya, amma aka daina zama kusa da ita. Ta yi addu'a, ta tofa a kan madannan injin. Ta ɗauki hutun kwana biyu, sunan ya yi shiru. Ta dawo, ya dawo. Idan iska ta motsa labule sai ta ji kamar an tsaya a bayanta ana jiran ta matsa.

Ta ce a ranta, aiki bai fi rai ba. Ta buga takardar ajiye aiki, ta adana. Ta leƙa gefe.

Kashe-Kunna.

Ihun da ta yi ne ya jawo sabuwar mai gyara, wata 'yar siririya mai tabarau da ta fara aiki ranar. Ta ja kujera, ta shiga cikin injin, ta daɗe tana kallo. Can ta cire tabarau.

"Anti, wannan tsohon injin ba zai taɓa shiga ma'ajiya da sunanki ba. Da Oga ya sani, da tuni an kai shi shara, ya ce a nemo wadda ta iya sabo."

"To ya aka yi nake shiga?"

"Wanda kika ce yana bin ki, sunansa da lambar sirrinsa ya saka miki a ciki don kar a kore ki. Fatalwar da ke yawo a ofishin nan, Anti, ke ce."