Muryar Tsoho a Cikin Kwamfuta

"Wai me ya hana ta buɗewa, bayan shekaranjiya lafiya lau na bar ta?" Tambayar da wata amarya ta jiyo mijinta yana yi wa yayansa ke nan, tana bayan labule da kwanon fura a hannu. Mijin mai son rediyon oba-oba ne, irin wanda ake magana da na nesa da shi, kuma a wajen mahaifinsa ya gaji abin. A kwamfutarsa akwai manhajar da yake saita tashoshin rediyon da ita. A ciki kuma ya adana muryar tsohon, hirarrakin da suka sha yi ta rediyo kafin Allah Ya karɓi abinSa. To, ranar nan manhaja ta ƙi tashi. Ya danna, ya sake dannawa, ya canza waya, ya kashe ya kunna, ko gezau.

Amaryar kuwa ta ga abin da ya faru. Jiya mijin yana kasuwa, yayan ya sa wa kwamfutar maganin ƙwayoyin cuta, da niyyar alheri. Tana shara ta hango wani jan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, da hoton 'yar eriyar nan da take gani kullum, alamar manhajar rediyon. Yayan ya danna ya wuce, bai ko karanta ba. Yanzu da ta ji tambayar mijin, magana ta zo mata har leɓe. Amma ina amarya ina ɗaga labule ta ce wa yayan miji kai ne sila, mutumin da ko sunansa ba ta iya faɗa? Ta ce a ranta bari ya tafi tukuna. Ta ajiye fura ta koma ɗaki.

Ba ta daɗe da zama ba yayan ya ce, "Goge komai kawai, ɗan'uwa, ka huta." Rai a ɓace, mijin bai tuna da abin da ke ciki ba. Aka goge, aka sake sa manhajar. Manhaja ta buɗe, muryar tsoho ta tafi. Daga baya mai gyara ya ce ai maganin nan ne ya kulle ta, danni ɗaya ya isa ya sake ta.

Yanzu mijin kan kunna rediyo ya zauna yana sauraron shuuu, ba ya kiran kowa. Amarya ta auna ta ga faɗin abin da ta gani ba zai dawo da murya ba, sai dai ya raba wa da ƙani. Sai ta haɗiye, ta ƙudurta ba mai ji daga bakinta. Gaskiyar masu iya magana: da-na-sani ƙeya ce, a baya take.