Homa a Matan Fada

Farfesa Ikrima Dankure ya kai shafi na tara, ya ture takardun kamar wanda ya taɓa ruɓaɓɓen kifi.

Shafi ashirin da shida ne, an yanke sunan marubucin. Haka kwamitin ɗa'a na jami'arsu yake yi idan aka kai ƙarar malami: a ɓoye suna, a ba masani ya karanta. In ya ce ƙage ne, mai rubutun ya rasa aikinsa da muƙaminsa.

Wa za a ba in ba shi ba? Shekara goma sha ɗaya ke nan da littafinsa kan addini da ginuwar hukuma a kwarin Rima ya ɗora shi kan kujerar farfesa. Kwafi shida na jere a bayansa, cikin ledarsu, don baƙi.

Dakta Asiya, sakatariyar kwamitin, ce ta kawo ambulan ɗin. Tsohuwar ɗalibarsa ce, 'yar Gesse, ta yi shekara takwas a hannunsa kafin ya sake ta. Ta ajiye, ta gaishe shi, ta fita. Ya lura ta fara kwashe littattafan ofishinta cikin kwalaye, bai tambayi dalili ba.

Rubutun yana da tsari, wannan ya fi komai ɓata masa rai. Hujjarsa ita ce masuntan Argungu sun koyi biyayya ga hukuma ne daga fitar da zakka. Duk ginin ya tsaya kan hira ɗaya da wani Malam Hodi, wanda marubucin ya ce ya iske shi yana jefa homa, ragar kamun kifi, a gulbin Matan Fada, cikin watan Agusta.

A Argungu aka haifi Ikrima. Ko macen da ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba ta san ba a sa homa a wannan ruwa sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe shi don bikin kamun kifi. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa taka bakin gulbin ba. A ɗaki ya zauna, ya ƙirƙiri tsoho, ya sa masa magana a baki.

Duk da haka, ranar Asabar ya tuƙa mota zuwa Argungu, don kada a ce bai bincika ba. Ya sami Tamba, abokin marigayi mahaifinsa, yana ɗinkin koma a inuwa.

"Hodi? Ba mu san shi ba," in ji tsohon yana dariya. "Homa a Matan Hwada da damana? Ɗan Dankure, mi kuka koya wa ɗiyan mutane can Birni?"

Da wannan dariyar a kunnensa ya dawo. Ya rubuta rahoto mai shafi uku. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, ƙarya ce da aka yi da gangan. Ya ce wanda ya sa sunansa a kan irin wannan ƙazanta, ko shi ya rubuta ko rubuta masa aka yi, bai cancanci tsayawa gaban ɗalibai ba. Ya ba da shawarar kora. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Ranar Laraba kwamitin ya zauna. Shi da kansa ya nemi a bar shi ya karanta rahoton da babbar murya, ya karanta yana yamutsa fuska. Babu wanda ya dube shi. Ya ɗauka nauyin laifin ne ya sa kowa sunkuyar da kai.

"To, a faɗa mana sunan," ya ce.

Shugaban zaman ya yi wa Asiya alama. Ta fito da wani littafi daga jakarta, ta yage ledarsa, ta buɗe babi na huɗu, ta ajiye a gabansa. Ga hirar Malam Hodi nan a shafin.

"Na roƙe ka izinin zuwa Argungu sau uku, Malam," ta ce. "Ka ce babu lokaci, madaba'a na jira."

Ya dubi bangon. Sunansa ne a kai, cikin ruwan zinariya, a littafin da ta rubuta masa, wanda shekara goma sha ɗaya bai taɓa buɗewa ba.