Tsinin Kwalar Malam

Allin yana hannunta, dariya kuma na neman ƙwace mata. Haka take idan ta tsorata. Gwajin ƙarshe ne na darasin lissafin kalkulas, a gaban allo, a gaban kowa, wanda ya faɗi kuma sai ya maimaita shekara. Malam ya riga ya faɗa cewa a ajinsa babu sani babu sabo, har da satar kallon inda take zaune.

Ya zana layi mai lanƙwasa kamar bakin kwano, ya ce ta fitar da tanjen, wato miƙaƙƙen layin da ke shafar lanƙwasar a ɗigo guda, yana bin gangarenta. Ta ɗora rula, ta ja. Daidai.

Sai ya zana layuka biyu da suka haɗu a tsini, ya ɗora yatsa a kan tsinin. Nan ta faɗi a gwajin baya, don ta shimfiɗa rula a ƙarƙashinsa ta ja layi da ƙarfin hali.

Maimakon allo, idonta ya tafi kan Malam. 'Yan aji suka fara ƙus-ƙus, dama sun daɗe suna tsokanarta cewa ba ta gajiya da kallonsa. Ita kuwa kwalar rigarsa take kallo. Ta tuna yadda dutsen guga ke sulalewa a gefen kwala, amma da ya kai tsini dole a ɗaga hannu a sake hanya.

Ta ajiye rular.

"Babu shi, Malam. Ta hagu gangarowa ake, ta dama hawa ake. Ba su yarda da juna ba, to wanne zan bi?"

Malam ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi duk sanda ta yi magana. Can ya ce ta ci.

Dariyar ta ɓalle. Ta yi hamdala a zuci, ta yi juyi guda, gwiwarta ta yi ƙara, ajin ya kaure da tafi. Ba ta san sanda ta kai hannu ta daidaita masa kwalar ba.

Malam ya rufe fuska da rijista, ya ce wa mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa: "Haba Umma, a gaban ɗalibaina?"