Gawar da Ta Yi Tari

Karin harshen kwarin Valdemuro ya rasu ranar sha huɗu ga Maris, 1991, da misalin ƙarfe huɗu na yamma. An san lokacin ne domin Farfesa Eulalia Carbajosa ce ta rubuta masa takardar mutuwa, littafi mai shafi ɗari huɗu da goma, kuma har yau ana tilasta wa ɗalibai karanta ta.

A ranar ce tsoho na ƙarshe da ke magana da shi ya cika. Littafin ya ba Eulalia kujerar farfesa, ya kuma ba ta layin gaba a kowane taron masana Sifaniyanci, bara a Oviedo, bana a Salamanca. Nata Sifaniyancin irin na masu karanta labarai ne, babu tabo ko ɗaya. Kowa ya san haifaffiyar Madrid ce, ko da yake ba wanda zai tuna wa ya gaya masa.

A taron na bana, maƙala ta uku bayan hutun kofi ta wani Fermín Losada ce, sabon dakta mai kwat ɗin da ta yi masa yawa. A irin wannan lokaci ne manya ke duba waya. Eulalia ta duba tata, ta ga kiran yayarta Visi, ta kife ta a kan tebur.

"Valdemuro bai mutu ba," in ji Fermín, ya danna na'ura.

Ƙugin jirgin ƙasa ya cika zauren, sannan muryar wata mata, an sauya mata amo kamar yadda aka saba don kada a gane mai ita. Faɗa take yi a waya, minti huɗu ba numfashi. Duk abin da littafin ya binne yana nan da ransa, har wata ashar da babi na tara ya ce an yi mata jin ƙarshe a 1974.

Saturnino Prieto, abokin hamayyarta wanda ya shekara talatin yana jiran irin wannan rana, ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Eulalia, gawarki ta yi tari."

"Kai ma kana tari, Saturnino, ba wanda ya ce kana da rai."

Amma ta san inda aka dosa. Idan kwamitin taro ya yarda a buga maƙalar nan, takardar mutuwa ta zama takardar banza, ita da mai sa hannu.

Fermín ya ci gaba da karatu. "Mai maganar mace ce, za ta kai sittin da biyar. Bisa lafazinta, da ƙyar idan ta gama firamare, kuma ba na jin ta taɓa yin nisa da kwarin."

Eulalia ta sha ruwa. Ta ƙara sha.

Da aka zo tambayoyi ba ta ɗaga hannu ba, miƙewa kawai ta yi, sauran hannuwan suka sauka da kansu.

"Dakta Losada, a layi na ashirin da bakwai ka rubuta cewa Canela 'yar matar ce, wai ta gudu daga gida."

"Haka ne, Farfesa. A wajen ne jirgin ya shiga ramin dutse, ba a ji sosai, amma..."

"Akuya ce. Kuma ba guduwa ta yi ba, sayar da ita aka yi ba shawara."

Aka sake kunna wajen sau biyu, masana ɗari da ashirin suka kasa kunne. Akuya ce. Wani Bajamushe a baya ya yi tafi shi kaɗai. Kunnen Farfesa Eulalia, aka riƙa faɗa ƙasa-ƙasa, ba irin na kowa ba ne.

"Wato kin yarda harshen na gaske ne," in ji Saturnino da ƙarfi, don zaure ya shaida.

"Na yarda akuya ce." Ta koma kan saurayin. "A ina ka samo matar?"

"A jirgin Oviedo, bara cikin Oktoba. Tana kujerar gabana. Da na ji ta fara, sai hannuna ya..."

"Ka ga fuskarta?"

"Ƙeyarta kawai. Kafin in sauko da jakata ta ɓace a tasha."

"Ka nemi izininta?"

Fermín ya dubi takardunsa kamar amsar na ciki. "Ina da tabbacin da ta yarda, Farfesa. Irin tsofaffin nan suna son a saurare su."

"Ba ta yarda ba, ɗana."

Ƙa'ida ce da kowa a zauren ya sa wa hannu: muryar da aka ɗauka ba izini ba ta zama hujja. Saturnino ya buɗe baki, ya tuna shi ya rubuta ƙa'idar, ya rufe. Da sha biyu da kwata Valdemuro ya sake rasuwa, wannan karon a gaban shaidu.

A bakin ƙofa ta tarar da Fermín riƙe da farantin wainar ƙwai da dankali, ya kasa ci. Ta dafa kafaɗarsa.

"Aikinka ba laifi, kana da kunne. Ka je kwarin da ƙafarka, ka ƙwanƙwasa ƙofofi, ka yi gaisuwa. Batun firamaren nan kuma, ka sake dubawa."

Ta ratsa farfajiya har can ƙarshe, bayan wani ginshiƙi inda ba kowa. Ta waiga sau biyu, abin da ba ta saba yi ba sai yau. Sannan ta kira Visi, da harshen Valdemuro tsantsa ta ci gaba da faɗan Canela daga inda ramin jirgin Oviedo ya katse mata shi.